Yadda Nake Zaɓen Otal a Tsakiyar Guangzhou Ba Tare da Na Taɓa Jarina Ba

Zuwana birnin Guangzhou na ƙasar Sin na farko, ƙarfe ɗaya na dare ta same ni a bakin titi da akwati biyu. Na riga na biya kuɗin ɗaki ta intanet tun ina Kano, a wani ƙaramin masauki da arharsa ta ruɗe ni. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta juya fasfona sau biyu, ta buga wani abu a wayarta, ta miƙo mini in karanta: ba sa karɓar baƙin ƙasashen waje. Ga gajiyar jirgi tun daga Adis Ababa, ga yayyafi, ga wayata ba ta buɗe WhatsApp balle in kira wani. Wani ɗan Nijar mai sayen takalma ne ya tsince ni, ya ce, "Malam, taho mu je inda na sauka." Tun daga ranar na daina neman ɗakin da ya fi kowanne arha. Ina sayen jakunkunan mata ne ina kawowa Kano, kuma abin da zan faɗa a nan shi nake faɗa wa duk ƙanin da zai yi tafiyar farko.

Fara da maganar fasfo, domin ita ce uwa. Dokar ƙasar Sin ta ce duk baƙon da ya sauka sai an yi masa rajista da 'yan sanda cikin awa 24. Idan a otal kake, otal ɗin ne zai yi maka: su ɗauki hoton fasfo da biza da hatimin shigowa, wani lokaci har su ɗauki hoton fuskarka. Idan a gidan aboki ka sauka, kai ko mai gidan ɗayanku zai je ofishin 'yan sandan unguwa, kuma wanda ya yi sakaci tararsa tana iya kaiwa yuwan 2,000, kuɗin ƙasar. A shekarar 2024 hukumomin ƙasar sun sanar cewa bai halatta otal ya kori baƙo da hujjar ba shi da izinin karɓar 'yan waje ba. An samu sauƙi, amma har yanzu akwai ƙananan wuraren da ma'aikacin dare bai iya shigar da fasfo a kwamfuta ba, sai ya ga korarka ta fi masa sauƙi. Saboda haka ni a manhajar Trip.com nake kama ɗaki, in karanta sharuɗɗan wurin, in duba ko baƙi 'yan waje sun taɓa kwana sun yi sharhi, sannan in aika saƙo in ce ɗan Najeriya ne ni, da fasfo zan zo. Amsar da suka ba ni nakan ɗauki hotonta in ajiye. Bayan an yi rajistar kuma, ka roƙi su buga maka takardar shaidar masauki. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli 'yan sanda kan tsayar da mutum su nemi fasfo, kuma wannan 'yar takardar tana rage dogon bayani.

Otal ɗin da nake nufi su ne na tsaka-tsaki masu rassa a ko'ina, irin su Hanting, Ji Hotel, Vienna, Jinjiang Inn, da Atour wanda ya ɗan fi su tsada. Ba su da wurin ninƙaya ko mai ɗaukar kaya da jar hula, amma zanen gado fari tas, ruwan zafi ba ya yankewa, akwai mutum a tebur dare da rana. A lokacin da ba cunkoso, abin da na saba biya yana tsakanin yuwan 250 zuwa 400 a kwana. Idan ku biyu ne ku kama ɗaki mai gado biyu, kowa ya ba da fasfonsa, kuɗin ya rabu. Kada ka ɓoye mutum a ɗaki don gudun rajista, kyamara tana kowane lungu.

Farashin nan yana tashi sau biyu a shekara. Baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a unguwar Pazhou. Ɗakin da ka sani sai ya ninka, har fiye. In ba baje kolin ya kawo ka ba, kauce wa makonnin. Haka makon farko na Oktoba da suke hutun ƙasa, da lokacin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu: kasuwanni a rufe, masana'antu sun sallami ma'aikata, kuɗin otal kawai za ka yi ta ƙonawa.

Unguwa kuwa kayanka ne za su zaɓa maka. Ni mai jaka, kasuwannin fata na Sanyuanli su ne wurin yinina. Mai tufafi yana son kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, inda kasuwar Baima take. Mai yadi kasuwar Zhongda zai nufa, can ƙetaren kogi. Amma ba sai ka kwana a bakin kasuwa ba. Abin da nake dubawa shi ne kada tafiya daga ƙofar otal zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta wuce minti bakwai da ƙafa. Layi na 2 ya bi ta Sanyuanli da babbar tasha, Layi na 5 ya haɗa babbar tasha da Xiaobei da Taojin, kuɗin shiga daga yuwan 2 yake farawa. Daga filin jirgin Baiyun ka hau Layi na 3, ka sauya zuwa na 2 a Jiahewanggang. Jiragen suna tsayawa kafin sha biyun dare, don haka in saukar dare za ka yi, ka ajiye sunan otal da adireshinsa da rubutun Sinanci a wayarka. Direban tasi ba zai gane sunan Turancin ba ko ka maimaita sau goma. Ni na fi son Taojin. Tasha ɗaya ce zuwa Xiaobei inda 'yan uwa da abincinmu suke, amma da dare shiru, mutum ya yi barci.

Wajen zaɓen ɗakin kansa ka buɗe ido. A otal ɗaya za ka ga ɗaki biyu, bambancinsu yuwan talatin ko arba'in, mai arhar an rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa ba shi da taga. Na taɓa kwana huɗu a irinsa. Bambancin lokaci tsakaninmu da su awa bakwai ne, jikinka bai gama sabawa ba, ga ɗaki baƙi ƙirin ko da rana tsaka. Sau biyu na farka na tarar hantsi ya dubi ludayi, asuba ta wuce. Biya bambancin. Ka nemi hawa na sama, wanda ba ya kallon titi, kuma ka ce wanda ba a shan taba a ciki. Da ka shiga, kafin ka buɗe akwati, shinshina labule. In ka ji warin sigari ko na danshi, musamman wajen watan Maris da bango ke yin gumi, koma ƙasa ka nemi canji. Suna canzawa ba gardama muddin ba ka taɓa gadon ba.

Wasu za su karɓi kuɗin ajiya, yuwan ɗari ko biyu, su mayar ranar fita. Riƙe rasit ɗin. Kafin ka bar gida ka sauke manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat, domin ko mai sayar da ruwa a lungu lambar QR ta biyan kuɗi yake nuna maka ka haska da waya. In katin bankinka ya ƙi haɗuwa da su, tsabar yuwan tana aiki, sai dai canji kan yi wuya. Intanet ɗin otal ba ya buɗe WhatsApp, Facebook ko Google. Layin wayar ƙasar waje da ke aiki a can yana buɗewa, shi ya sa nake sayen eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, tun ina gida, in ba haka ba Hajiya ta kwana ba ta ji an sauka lafiya ba.

Cikin jakata akwai abubuwa uku da ba na mantawa. Adafta, don filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba kowane soket ɗinsu yake shiga ba. Ƙaramar buta ta roba, don banɗakinsu takarda kawai ke ciki. Sai dadduma. Ranar farko na shimfiɗa ta na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, har na ɗaga hannu zan yi kabbara sai zuciyata ta ce duba waya. A Guangzhou alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Na juya daddumar, na tsaya ina kallon bangon, a nan na ji nisan da na yi da gida.

Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa. Kowane ɗaki da butar lantarki da gorar ruwa biyu kyauta. Karin kumallon otal ba na biyan kuɗinsa, domin naman alade yana shiga har cikin fanken da suke turarawa da kunun shinkafa. Nakan haɗa shayina a ɗaki da burodi, da rana in nemi shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, na Musulmin arewa maso yammacin ƙasar, ko in gangara Xiaobei wurin 'yan Xinjiang masu gasa tsire da gurasa. Ranar Juma'a ka sauka a tashar Yuexiu Park ta Layi na 2, ka bi jama'a zuwa masallacin Xianxian, inda mutanen wurin ke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yake. A harabar za ka ji Hausa ta Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi, kuma a nan ake jin wane kamfanin kago, wato na jigilar kaya, ne ke isar da kaya a kan lokaci.

Kada ka mayar da ɗakinka sito. Samfuri da ƙananan kaya ba laifi, amma kwalaye a kai su kai tsaye rumbun mai kago, ka ba mai shago adireshin can. Otal na tsaka-tsaki ba ya son ganin kura cike da buhuna a gaban lifta. Da yawansu suna da injin wanki da na busarwa a wani hawa, wasu kyauta, don haka kaftani uku sun ishe ka mako biyu. Ana barin ɗaki ƙarfe sha biyun rana. Jiragenmu kuwa galibi cikin dare suke tashi, sai in sallami ɗakin, in bar akwatunana a tebur su ba ni 'yar lamba, in koma Sanyuanli in ƙarasa ciniki, in dawo bayan magariba in ɗauka, in kira mota ta manhajar Didi zuwa Baiyun.