Kurakuran da aka fi yi wajen ba tsofaffi maganin ƙwaƙwalwa a gidajen kula da su

'Yan uwanmu da dama yanzu suna aiki a gidajen kula da tsofaffi a Ingila, kuma ba a jimawa da fara aikin za ka ga an miƙa wa wata tsohuwa risperidone ko lorazepam wai don ta natsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ji ihu ko a ga kai duka, sai a ruga neman maganin kwantarwa. Wanda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa ba zai iya ce maka haƙori ne ke damunsa ba. Ture hannunka zai yi. Don haka a fara bincikawa: yaushe rabonsa da bayan gida? Fitsari na fita? Ya sha ruwa? Akwai zazzaɓi? Wani bincike da aka yi a gidajen tsofaffi na Norway, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa magance ciwon jiki, akasari da farasitamol kawai, ya rage tayar da hankali sosai.

Sai kuma barin magani ya zama na har abada. A Birtaniya, an amince da risperidone ga masu cutar Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa, na mako shida ne kawai, shi ma sai faɗan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa masu ciwon mantuwa kusan 180,000 ke shan irin waɗannan magunguna a ƙasar, amma kimanin 36,000 ne kaɗai ke amfana, kuma magungunan suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara. A ganina, duk takardar maganin da babu ranar sake dubawa a kanta, ya kamata a tambayi likita dalili.

Ganin haka kuma kada wani ya tsayar da magani farat ɗaya. Maganin kwantarwa diazepam da danginsa irin su lorazepam, idan jiki ya saba, yanke su kwatsam na iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage a hankali.

Haloperidol, wani magani irin risperidone, haɗari ne ga mai cutar Parkinson mai sa karkarwa, ko wani nau'in ciwon mantuwa da ake kira Lewy. Jiki kan sandare. Daka ƙwaya a zuba a shayi a ɓoye kuwa, ma'aikaci ba ya yanke wannan hukunci shi kaɗai, sai an zauna da likita da mai haɗa magani da dangi, an rubuta.

Idan ka ga baba yana yini a kujera yana gyangyaɗi, yawu na zuba, ko ya fara tangaɗi da faɗuwa, rubuta lokacin da ya sha maganin da lokacin da ka ga alamar, ka kai wa nas kafin ka tashi aiki.