Yadda Za Ka Rubuta Labarin Ƙuruciyarka a Ƙaramin Gari

Kada ka buɗe da "an haife ni a shekara kaza". Da yawanmu ba mu ma san ranar ba. Hedimasta ne ya ce mu zagayo da hannu ta saman kai, wanda ya taɓo kunnensa ya isa aji ɗaya. Da irin wannan ake buɗewa.

Da farko, ɗauki takarda ka zana garin yadda ka san shi: masallacin Juma'a, ƙofar gidan dagaci, rijiyar unguwa, tsamiyar da aka ce ta aljanu ce, inda motar ranar kasuwa take sauke mutane. A gefen kowane wuri rubuta abu ɗaya da ya same ka a can.

Sai ka nemi tsofaffi, kuma kada ka yi jinkiri. Tafi da goro bayan la'asar, ka nemi izini wayarka ta ɗauki murya. In ka ce, "Goggo, a wace shekara ce?" dariya za ta yi maka. Ce mata, "Goggo, lokacin an canja kuɗi ko tukuna?" Lissafin kuma naka ne: naira da kwabo sun karɓi fam da sule a 1973, an kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, a shekarar ce kuma aka fara UPE, wato shirin karatun firamare kyauta ga kowane yaro. Amma ka bincika wane canjin take nufi, domin Buhari ma ya canja launin takardun kuɗi a 1984.

Daga nan rubuta abu guda a zama guda. In daren tashe ne, tsaya a kansa: gemun audugar da ke faɗowa, gwangwanin da ya zama ganga, geron da matan gida suka zuba muku, da rigimar rabo a gindin fitilar mai shayi. Bulalar makarantar allo da satar mangwaron da aka kama ka, duk ka saka; labarin yaron da bai taɓa laifi ba gundura gare shi.

Wanda labarin zai kunyata, sauya masa suna, musamman in yana raye ko ya bar 'ya'ya.

In ka gama, karanta wa abokin da kuka yi langa tare. Zai ce ƙarya ne, shi ya fara hawa bishiyar. Rubuta nasa a ƙarƙashin naka.