Yadda Ake Hana Skyrim Mutuwa Da Cijewa Bayan An Cika Shi Da Mod

Wasan kwamfuta na Skyrim Special Edition da ya fito a 2016 yana iya ɗaukar mod (ƙare-ƙaren da 'yan wasa ke haɗa wa wasan) ɗari biyar ya yi ta tafiya lafiya, wani kuma da mod hamsin kacal sai ya riƙa rufe kansa da zarar an doshi ƙofar garin Whiterun na cikin wasan. Yawanci ba yawan mod ne ke kashe wasa ba. Rashin tsari ne, da kuma gyaran kai-tsaye ba tare da an san inda ciwon yake ba. Bi matakan nan a jere, kada ka tsallake na farko don ka ga kamar ƙarami ne.

1. Gyara gindin wasan

Fitar da wasan daga foldar Program Files, domin Windows na takura wa manhajojin da ke son rubutu a cikinta. Sannan ka hana Steam, manhajar da ake sauke wasan ta cikinta, sabunta shi da kansa: a saiti ka zaɓi kada ya sabunta sai ka buɗe wasan, kai kuma ka riƙa buɗe shi ta SKSE kawai, wato manhajar da ke faɗaɗa abin da mod ke iya yi a wasan. Dalili shi ne kowane SKSE an gina shi ne don sigar wasan ɗaya tak. Wanda aka yi wa 1.5.97 ba zai yi aiki a kan 1.6.1170 ba, haka ma mod da yawa masu fayil ɗin dll da ke jingine da shi. Sabuntawa ɗaya cikin dare ta isa ta wargaza aikin wata guda.

2. Saka ginshiƙai kafin kayan ado

Ginshiƙan su ne Address Library (wanda mod masu dll da yawa ke dogara da shi), SSE Engine Fixes, SSE Display Tweaks, USSEP (facin da ke gyara kurakuran wasan) da Crash Logger (mai rubuta rahoto idan wasan ya mutu). Engine Fixes kashi biyu ne, kuma na biyun da hannu ake zuba shi a foldar da SkyrimSE.exe yake, nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Display Tweaks kuwa shi ke gyara matsalar da ke sa kwanuka da kujeru tashi sama idan firam, wato hotunan da wasan ke nunawa, ya wuce 60 a daƙiƙa.

3. Jerin lodi

A Mod Organizer 2, manhajar da ake tsara mod da ita, jeri biyu ne. Na hagu na fayiloli ne, na dama na fulogin (fayilolin da ke ɗauke da sauye-sauyen da mod ke yi wa bayanan wasan), kuma a duka biyun wanda ke ƙasa shi ke danne na sama. Bari LOOT, mai jera fulogin da kansa, ya jera na dama, amma kada ka tsaya nan, karanta saƙonnin da ya fitar. Idan ya ce wani fulogin ya rasa uwarsa, wato fayil ɗin da ya dogara da shi, wasan zai mutu tun kafin ka ga babban menu. Idan ya ce a wanke fulogin, buɗe shi da Quick Auto Clean na SSEEdit, manhajar duba fulogin da gyara su. Abin da wankin ya fi magancewa shi ne abubuwan da mai mod ya goge gaba ɗaya maimakon ya kashe su, sai wani mod ya zo nemansu ya tarar babu.

Akwai kuma iyaka: cikakkun fulogin 254, ƙananan masu alamar ESL kuwa har 4096. In ka kusa cikewa, SSEEdit zai nuna maka waɗanda za a iya maƙala wa alamar ESL. Wanda sai an matse lambobinsa kafin ya shiga, kada ka taɓa shi a tsakiyar wasa, don ajiyarka (fayil ɗin da ke riƙe inda ka tsaya a wasan) da duk facin da ke nuni gare shi za su rikice.

4. Cijewa: duba katin hoto

Idan firam na da kyau amma wasan na yin tsai na ɗan lokaci duk sanda ka juya ko ka shiga sabon wuri, galibi VRAM, wato ma'adanar katin hoto, ce ta cika. Buɗe Task Manager ko MSI Afterburner ka kalli adadin yayin da kake yawo. Hoton lulluɓi (hoton da ke rufe jikin abu a wasan) ɗaya na 4K a tsarin matse hoto na BC7 yana cin kusan MB 21, na 2K kuma bai kai MB 6 ba. Dutse da dodo sun cancanci 4K; cokali da albasa ba su cancanta ba, ko mai shafin mod ɗin ya rantse. Cathedral Assets Optimizer zai rage maka girmansu, amma ka yi aikin a kan kwafi.

Idan a daji firam ke faɗuwa, ciyawa da inuwa ne. Ƙara lambar iMinGrassSize a fayilolin saitin wasan (ini) tana rage yawan ciyawa, kuma BethINI, mai gyara waɗannan fayiloli, ya fi sauƙi da aminci wajen saita inuwa fiye da kwafo layukan ini daga inda ba ka sani ba. Idan a cikin gari ne, rage girman hoto ba zai taimaka sosai ba, domin furosesa ce ke nishi saboda yawan gine-gine da mutane. Mod uku masu ƙawata gari ɗaya sun yi yawa. Zaɓi ɗaya.

Kada kuma ka kashe pagefile na Windows, wato filin faifai da yake ara idan RAM ta cika. Masu haɗa manyan jerin mod kan ce a ba shi GB 20 zuwa 40, a kan SSD.

5. Idan ya mutu, karanta takardar mutuwar

Crash Logger na ajiye rahoto a Documents\My Games\Skyrim Special Edition\SKSE. Duba sunan dll, ko fayil mai ƙarewa da nif, ko fulogin da ke ta maimaituwa a saman rahoton. In nif ne, sau da yawa siffar wani abu ce ta tsohon Skyrim na 2011 da ba a juya ta zuwa tsarin Special Edition ba. Rahoton Papyrus, wato na sikirif (umarnin da ke gudana a cikin wasan), ba na wannan aiki ba ne, bar shi a kashe.

In rahoton bai faɗi komai ba, sai rabon biyu. Yi sabon furofayil a Mod Organizer 2, kashe rabin mod tare da facinsu, gwada. Ya mutu, mai laifin na cikin waɗanda ke kunne. Bai mutu ba, yana cikin ɗayan rabin. Mod 400 ba za su wuce zagaye tara ba. Don saurin gwaji, buɗe konsol, wato akwatin rubuta umarni, daga babban menu ka rubuta coc riverwood, sai ka tsinci kanka a ƙauyen Riverwood ba tare da dogon farkon wasa ba.

6. Ajiya

Mod mai sikirif yana barin sawunsa a cikin ajiya, don haka cire shi a tsakiyar wasa na iya jawo mutuwar da ba za ta bayyana ba sai bayan awa goma. ReSaver, manhajar gyaran ajiya, na share wasu ragowar, ba duka ba. Duk sanda ka sauya mod na motsin jiki, sake gudanar da Nemesis ko Pandora, manhajojin da ke haɗa irin waɗannan mod da wasan. DynDOLOD kuwa, mai haɗa abubuwan da ake hangowa daga nesa, shi ne na ƙarshe, bayan jerin ya zauna, kuma in ka ƙara ko ka cire mod mai taɓa shimfiɗar ƙasa ko gine-gine, sai ka sake haɗa shi daga farko.