Yadda za ka yi godiya idan ka gama sakandare, tun kafin kowa ya kama gabansa

Ƙanwata ce ta gama SS3 bana, kuma tun ranar da ta ajiye biro a takardar ƙarshe ta WAEC ba ta da zance sai na ɗinkin da za ta sa ranar bikin yaye su da wanda zai ɗauke ta hoto. Na ce mata to Hajiya, su mutanen da suka kawo ki wannan ranar fa me kika tanadar musu? Wai ai za ta sa su a sitatus. Sitatus fa! Abin da awa 24 ya ɓace, kuma Ummanmu ko WhatsApp ɗin ma ba ta buɗewa sai an buɗe mata. Abin da na faɗa mata a daren nan shi ne zan maimaita a nan, ko wani yaron namu na Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago a nan Legas zai amfana.

Abu na farko, kar ka jira ranar bikin. Ranar nan hayaniya ce kawai, ga kiɗa ga masu hoto ga iyaye suna neman kujera, malamin da kake son gani yana can yana fama da jera ɗalibai, in ka yi sa'a ka samu gaisawar minti ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin gama WAEC wajen watan Yuni da gama NECO, kafin sakamako ya fito wajen Agusta. Kuma ka san halin Legas, mutane ba sa zama wuri ɗaya, ana gamawa wannan an tura shi Kano wajen kawunsa, waccan an kai ta Zariya, wani ya shiga kasuwa koyon sana'a, malamin ma kafin ka waiwayo an yi masa canjin makaranta zuwa Ikorodu ko Badagry, kai kuma ba za ka sha gosulon awa uku don ka je ka ce na gode ba, mu faɗa wa juna gaskiya.

To ka samu takarda da biro, takarda fa ba waya ba, ka koma baya tun daga JSS1, shekara shida ke nan. Duk wanda ya faɗo maka a rai ka rubuta sunansa, a gefen sunan kuma ka rubuta abu ɗaya tak da ya yi maka. Nan ne aikin yake. “Na gode da komai” kowa ma yana faɗa, ba ta kama zuciya. Amma ka ce wa mutum ranar kaza da aka koro ni saboda kuɗin makaranta ke kika ce in zauna a bayan aji in ci gaba da rubutu, wallahi sai ka ga fuskarsa ta canza, don shi ya ɗauka ka manta tuntuni, wani ma shi kansa ya manta.

Malamai. Mu da muka yi karatu a nan yawancin malamanmu Yarbawa ne da Igbo, kuma Bayerabe yana ba gaisuwa muhimmanci ƙwarai, yaransu maza har kwanciya suke yi a ƙasa mata kuma su durƙusa. Ba sai ka kwanta ba, mu ma muna da namu ladabin, ka rusuna sosai, ke kuma ki durƙusa yadda kike wa manya a gida. In ka iya ka jefa musu “e se ma” ko “e se sa” ko “e ku ise”, wato na gode da sannu da aiki, za ka ga sun washe baki suna kiran na kusa da su ya zo ya ji ɗan Hausa yana Yarbanci. Ka je ofishin malamai da safe ranar da ba jarrabawa, ka nemi izini, ka faɗi abin da ka rubuta a takardarka, shi ke nan. In kai mai nauyin baki ne ka rubuta wasiƙa da hannunka, shafi ɗaya ya isa, ka sa suna da shekarar da ka gama a ƙasa don ɗalibai suna da yawa. Kar ka kwafo daga intanet don Allah, malamin da ya shekara uku yana maka jan biro ya san Turancinka, yana karanta layin farko zai gane ba kai ba ne.

Maganar kyauta kuwa, ba dole ba ce, kuma kar ka takura wa iyayenka da suka gama biyan kuɗin JAMB da lesin da na bikin. In da hali, kilishi mai kyau a naɗe a takarda yana yi musu daɗi sosai, ko turare ɗan ƙarami, ko ku haɗa kuɗi ku 'yan aji ku sayi turmin atamfa a Balogun ku kai wa malamar ajinku. Sai dai ka kula da lokaci, ka bari sai an gama jarrabawa kaf tukuna. Kyautar da aka kai ana saura kwana uku a shiga firaktikal sunanta daban ne, kuma za ka jefa malamin kirki cikin kunya.

Ni abin da ya sa nake matsa wa yara a kan wannan, akwai wata malamar lissafi da muka yi, 'yar gajeruwa mai tabarau, ba wanda nake tsoro irinta. Sau biyu tana kiran Babanmu makaranta saboda ina guduwa ranar Juma'a daga masallaci ba na dawowa. Da ta gano matsalata ba taurin kai ba ne kawai, lissafin ne ba na ganewa, sai ta riƙa tsayar da ni bayan an tashi, ta zauna a kan tebur tana cin gyaɗa daga cikin kwalba tana sa ni ina maimaita aljebra har sai na yi daidai, kuma ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Da sakamako ya fito na samu kiredit a lissafi, wanda a lokacin kowa ya san in babu shi da Turanci cikin kiredit biyar ɗin nan jami'a sai dai ka hango ta daga titi. Na ce zan je, gobe, jibi, bayan Sallah. Da na je an ce ta yi ritaya ta koma garinsu, ba wanda ke da lambarta. Har yau in na ga gyaɗa a kwalba a hannun masu talla a gosulo ita nake tunawa. Don haka malamin da ya fi tsananta maka ka duba shi da kyau kafin ka tsallake sunansa.

Sai malamin Islamiyya da na allo, su ne aka fi mantawa saboda babu rigar biki a nasu ɓangaren. Mutumin da kake zuwa wajensa da yamma a gajiye da yunifom ɗinka ko cirewa ba ka yi ba, shi ma yana da kaso a ciki. Ka je ka zauna a gabansa ka ce Malam na kammala, na zo godiya da neman addu'a, Allah ya saka da alheri. Shi ma zai tuna maka hadisin nan cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In ka riƙe ɗan goro ko sadaka daidai ƙarfinka ka ajiye a gefen buzunsa. Haka maigadin makaranta da ya riƙa kau da kai in ka makara, da matar da ke sayar da shinkafa a bakin get tana ba ka bashi har ƙarshen wata, su ma ka tsaya ka yi musu sallama, bashin kuma ka biya.

Yanzu mu zo gida, inda ya fi wuya. Mu Hausawa kunya ta yi mana yawa, yaro zai iya tsayawa gaban mutum ɗari ya yi jawabi amma ya kalli mahaifinsa ya ce Baba na gode sai harshe ya ɗaure. Ba sai ka kalle shi ba ai. Ka bari bayan isha'i ya ci abinci ya huta, ka zo ka zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kanka a sunkuye, ka miƙa masa takardar shaidar da makaranta ta ba ka da hannu biyu, ka ce Baba ga shi an gama, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma ya ba mu ikon yi muku biyayya. Ƙila ba zai ce komai ba sai “to madalla, Allah ya yi albarka”, ƙila ma ya ce ka tashi ka kawo masa ruwa, kar ka damu, ya ji. Babanmu a Mile 12 yake harkar albasa, tun kafin asuba yake fita don ya tari motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, ranar da na yi masa wannan bai ɗago ba, amma washegari na ji shi a waya yana ba abokinsa labari da ƙarfi har maƙwabta na ji.

Uwa kuwa ka same ta ita kaɗai, ba a gaban baƙi ba, ko tana tsakar aiki ne ka karɓi aikin kana yi kana magana, ya fi sauƙi. Ka ambaci abubuwan da ka gani da idonka, tashin asuba tana dafa ruwan wanka, adashin da ta kwashe ta biya kuɗin rajista, ranar da ta raka ka cibiyar JAMB ta zauna a rana tana jan carbi har ka fito. Za ta ce kai rufe mini baki, wa zan yi wa in ban yi maka ba, tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi. In wadda ta riƙe ka gwaggo ce ko kishiyar uwa ko matar yaya, to ita ce a wannan gurbin, kuma ita ta fi buƙatar ta ji da kunnenta.

Dangin da ke Arewa kira za ka yi, ba tes ba. Ka sa kati ka kira kaka da kawun da ya taɓa turo dubu biyar lokacin da abubuwa suka tsaya, ka gaishe su yadda ya kamata, ka tambayi gida da damina, sannan ka faɗi abin da ya sa ka kira. Yayanka da ya bar maka littattafansa da tsofaffin takardun jarrabawa shi ma ka faɗa masa, ko da zai mai da abin wasa.

Abokai ba sa buƙatar dogon bayani. Farar rigar nan da ake rubuce-rubuce a kai ranar ƙarshe ba laifi, amma wanki biyu ta tashi aiki, gara ka samu ƙaramin littafi kowa ya rubuta lambarsa da ta wani nasa a gida, don layin yara ba ya daɗewa. Ke kuma in ba kya son a yi ta taɓa miki jiki da sunan rubutu, littafin ya raba gardama. Wanda ya riƙa ara maka nots, wanda ya biya maka kuɗin danfo ranar da naka ya faɗi, ko Musulmi ne ko Kirista, ko Bayerabe ne ko ɗan Igbo, ka ja shi gefe ka faɗa masa. Wanda kuka yi faɗa kuma ka nemi yafiya, kalma uku ce, ka yafe ni.

In kuma kai aka miƙa wa makirfo ranar bikin, minti biyu ya ishe ka. Ka fara da godiya ga Allah, sai firinsifal da malamai, sai iyaye, sai 'yan ajinku, ka kawo labari ɗaya gajere wanda kowa a ajin ya sani, ka sauka tun ana son ji. Kar ka lissafo malamai ɗaya bayan ɗaya da suna, dole ka manta wani kuma shi ne zai riƙe abin. Jimla ɗaya ka yi ta da Hausa saboda iyayenmu da ke zaune a baya waɗanda tun safe ake ta Turanci a kansu.

Ita dai ƙanwar tawa ta yi takardarta, na leƙa na ga suna goma sha huɗu, na farko malamar bayoloji na ƙarshe mai Keke Marwan layinmu da ke jiranta in ta makara. Ta ce ranar Litinin za ta fara, ni kuma an ɗora mini kuɗin kilishi.