Yadda ake gangarowa da keke a tsaunukan Finale Ligure

Finale Ligure gari ne a gaɓar Bahar Rum, arewacin Italiya, kuma hanyoyin kekensa daga kan tsauni suke gangarowa har bakin ruwa.

Kafin ka hau, sa hular kwano, sannan ka gwada birki. A Italiya hannun hagu ne birkin gaba, a Ingila kuwa dama ne, don haka wanda ya yi hayar keke ya tabbatar tun a ƙasa.

Da ka iso bakin gangara, rage tsayin sirdi. Miƙe tsaye kan feda, ƙafafu a daidaice, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe.

Yatsa ɗaya ya isa kan kowane birki. Matsa su tare, a hankali, kafin kwana. Wanda ya damƙe na gaba da ƙarfi a tsakiyar kwana, ƙasa zai sha. Duwatsun wurin na farar ƙasa ne, in an yi ruwa santsi gare su kamar sabulu.

Ido a gaba, inda kake son zuwa. Tekun yana da kyau, amma tsaya tukuna ka kalla.

In ka sauko, wanke keken da ruwan famfo, ka sa wa sarƙa mai, gishirin iskar teku na kawo tsatsa.