Yadda za a kare iyali daga hayaƙin titi da ƙurar hunturu a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kasuwar Maraɗi da la'asar sakaliya, lokacin da ƴan kabu-kabu da adaidaita da manyan motocin kaya suka cunkushe, ya san ɗacin da ke kama maƙogwaro, kuma idan ya face majina da dare sai ya gan ta baƙa. To amma abin da ya tsaya a hanci da sauƙi. Babbar illar tana cikin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ƙura da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30, domin suna zarcewa can cikin huhu, wasu ma har cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4 da dubu 200 a shekarar 2019, akasarinsu ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma tun 2012 cibiyarta ta binciken cutar kansa ta tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana haddasa kansar huhu.

Abu na farko shi ne a ja da baya daga bakin kwalta, saboda hayaƙi ya fi kauri daidai inda yake fita, yana kuma raguwa gwargwadon nisa. Mai shayi ko mai tsire da ke neman abinci a kan hanyar Ɗan Isa ko ta Damagaram ba zai iya barin sana'arsa ba, amma zai iya kauce wa inda motoci ke tsayawa da inji a kunne, ya kafa teburinsa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne yara. Sau da yawa za ka ga mai tuyar ƙosai ta shimfiɗa wa ɗanta tabarma tsakanin murhu da titi, hancinsa daidai da tsayin salansar babur, alhali huhunsa bai gama ƙwari ba kuma numfashinsa ya fi na babba sauri. A mayar da shi cikin zaure ko bayan katanga, ko da taku kaɗan ne.

Sai a lura da lokaci. A watannin sanyi, da sassafe da bayan magariba, iska mai sanyi takan danne hayaƙi ƙasa-ƙasa, don haka ya fi kyau ɗan makaranta ya bi ta lungu maimakon babban titi, tsofaffi da masu asma kuma su jinkirta fita har rana ta ɗaga.

Ranar da hazo ya rufe gari, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, a rufe tagogi, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Rawani da mayafi suna tare ƙura mai gwaɓi kawai. Ɗan kabu-kabun da ke yini a kan hanya, takunkumin FFP2 ko N95 ne zai amfane shi, muddin ya manne a fuska ba tare da kafa a gefen hanci ba. Lokacin hazo ne kuma lokacin sanƙarau, saboda haka kada a yi wasa da rigakafi.

Direba ya kashe inji yayin jiran fasinja ko lodi, ya riƙa juyen baƙin mai da wanke matatar iska a kan kari. A cikin unguwa kuwa a daina cinna wa bola wuta, musamman idan akwai leda ko taya a ciki.

Idan yaro yana tari, a buɗe ƙirjinsa yana kwance natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ga yaro ɗan wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40 ne iyaka. Idan ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, kada a tsaya sayen ƙwaya a hannun mai talla.