Yadda ɗaliban masta na fannin siyasa da mulki za su shirya muhawara a Yamai

Akasarin muhawarorin da ɗaliban masta ke shiryawa a Jami'ar Abdou Moumouni tun wajen zaɓen maudu'i suke lalacewa. Sai a rubuta "Dimokuraɗiyya a Afirka" a jikin kyalle, kowane bako ya zo ya faɗi abin da ya saba faɗa, a watse ba wanda ya ƙaru. Ku matse maganar ta zama tambaya guda wadda amsarta za ta raba kan masana. Misali: Nijar ta yi zaɓen kananan hukumomi a 2004, a watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisunsu aka naɗa wakilan gudanarwa. Me ya sauya wajen karɓar harajin kasuwa da kwasar shara? Irin wannan tambaya tana tilasta wa mai magana ya zo da hujja, ɗalibin da ke rubuta memuwar (kundin binciken kammala masta) kuma ya samu abin ɗauka.

Mako uku kafin ranar, ku kai takardar neman izini da ta neman zaure ofishin shugaban tsangayar shari'a da kimiyyar siyasa, da sa hannun malamin da ke kula da masta ɗin. Ku riƙe kwafi mai hatimi. Alkawarin baki ba ya hana ku tarar da jarrabawa a cikin zauren da safiyar taron.

Zaɓen baƙi yana son natsuwa. An dakatar da ayyukan jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rusa su a watan Maris na 2025, saboda haka ba a gayyatar kowa da sunan jam'iyya, kuma taronku na ilimi ne, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a takardar gayyata. Mutum uku sun isa: malamin jami'a, mai bincike da ya yi aiki cikin ƙauyuka irin na cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, sai wanda ya taɓa riƙe aikin da hannunsa, kamar tsohon magajin gari ko tsohon sakataren ma'aikatar magajin gari. Wannan na ukun shi ne aka fi mantawa, alhali shi ya san inda doka ke cijewa idan ta isa teburin mai karɓar haraji. Takarda kaɗai ba ta kawo babban mutum. Ɗalibai biyu su kai da kansu, su gaishe shi yadda ya kamata, su sake kiran waya ana gobe taro.

Kada ku sa taro ranar Juma'a da hantsi, ko cikin kwanakin kare memuwar. Ƙarfe 9 na safiyar Asabar ya fi, domin masu ƙetaro gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda jami'ar take, ba sa shan cunkoson ranakun aiki. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, wuta kuma tana yawan ɗaukewa, don haka ku tanadi janareto da mansa, da makirfo biyu masu batir, da ruwan sanyi. Wanda zai nuna alƙaluma a bango ya buga su a takarda ma.

Mai jan ragamar muhawara shi ne ginshiƙi. Minti 15 ga kowane bako, minti 45 na tambayoyi, a ɗauke su uku-uku, kowace kada ta wuce minti ɗaya. A nan ake samun matsala, domin ɗalibi ba ya iya katse malaminsa, kunya ba za ta bar shi ba. Ku ba wa malami ko gogaggen ɗan jarida wannan kujera, wanda zai iya cewa "Malam, a gafarce ni, saura minti biyu" ba tare da an ga rashin ladabi ba. Ku kuma bari a yi tambaya da Hausa ko Zabarmanci, wani ya mayar da ita Faransanci a taƙaice.

Sai batun labari. Kwana uku kafin taro ku aika sanarwa mai shafi ɗaya ga jaridar Le Sahel, da kamfanin dillancin labarai na ANP, da Studio Kalangou mai watsa shirye-shirye cikin harsunan ƙasa, ku ware ɗalibi guda da zai iya bayani da Hausa gaban makirfo. Kafin a naɗi murya, a nemi yardar kowane bako. Mutum biyu su riƙa rubutu, domin ɗaya yakan rasa adadi ko suna. A daren ranar su haɗa rahoton shafi biyu: wa ya ce me, a ina suka saɓa, wace tambaya ce ba ta samu amsa ba. Ku tura wa baƙin su duba kalamansu cikin kwana biyu, sannan a saka a WhatsApp da Facebook na masta ɗin, a ajiye kwafi ɗaya a sakatariyar tsangaya tare da muryar da aka naɗa.